Ƙyallen Rigar Aku

Tun da aka ɗaura igiya a gaban aikinsa Tela bai zauna ba. An ba shi kujerar roba kamar kowa, amma da ya ɗosana sai ya zabura, ya gyara hula, ya leƙa ƙofar lambu, ya dawo ya tsaya yana hararar ɗinkinsa kamar wani ne ya yi masa shi ya ɓata.

Kowace bazara, in aka rufe makarantu zafi ya kori mutane daga ɗaka, hukumar gari takan buɗe babban lambu ta kakkafa rumfuna, masu zane da masu sassaƙa da makaɗa su baje abin hannunsu jama'a su zo kallo. Ba a taɓa sa tela a ciki ba sai bana. Shi ma ba riga ya kawo ba. Hoton layinsu ya ɗinka gaba ɗaya, tun daga famfo har shagon mai faci, da gidaje da tagogi da igiyoyin shanya, faɗinsa ya kusa bangon ɗaki. Kuma duk da ƙyallayen da ke zuba a ƙarƙashin teburin yanka ya yi shi.

Tela ba ya cin yadin mutane, wannan kowa ya shaida. Ragowa in ta kai ta yi aljihu, naɗe ta yake ya mayar wa mai ita. Amma ɗan guntun da bai wuce tafin hannu ba, wannan na buhu ne. Buhunansa kuwa launi-launi suke, ja daban, shuɗi daban. In yana neman ƙyalle sai ya zura hannu ya zaro, ya miƙa shi nesa da fuska ya kanne ido ɗaya. Launi kawai yake gani a lokacin, bai san na wa ba ne, bai kuma damu ya sani ba.

Matarsa ta iso da hantsi ɗauke da gorar ruwan sanyi. Ba ta taɓa ganin aikin a shimfiɗe ba, kullum a naɗe take ganinsa a kan keken ɗinki. Ta fara daga famfo tana dariya tana nuna wannan tana nuna wancan, har ta zo tsakiya. Nan dariyar ta tsaya.

"Baban yara, wannan tagar fa? Mai ruwan ƙwai."

"Me ta yi? Ai ita ce ta haska wurin. Na sha wuya kafin na sami launin."

"Matsa ka duba da kyau."

Ya matsa har igiya ta taɓa masa gwiwa. Yadi ne ruwan ƙwai da 'yan ƙananan tsuntsaye farare, ɗaya ma almakashi ya raba shi biyu. Nan take ya gane shi. Rigar Aku ce.

Aku 'yar Yayarsa ce, ita kaɗai Allah ya ba ta. Surutu ya ja mata sunan. Ita ta zaɓo yadin nan da kanta, ta zo ta zauna masa a kan teburin yanka tana karkaɗa ƙafa tana cewa, "Kawu, in ka matse min hannu wallahi sai ka warware." Ba ta sa rigar sosai ba zazzaɓi ya kwantar da ita, kwanciyar da ba ta tashi ba. Bayan rasuwar, Yaya ta kwashe kayan yarinyar kaf ta bayar, ta kife hotuna, ta daina fita. Ko sunan aka ambata a gabanta, tashi take ta shige ɗaki. Shekara ta zagayo, wata ma ta kama hanya, ba wanda ya ga ƙafarta a waje.

Kuma yau za ta zo. Shi da bakinsa ya dame ta, ya yi ta sintiri gidanta yana magiya, domin ita ta raine shi bayan mutuwar uwarsu, ita ta kai shi koyon ɗinki, ba ya jin aikin ya cika in ba ta gani ba. Da ƙyar ta ce to, in rana ta yi sanyi. Fitar farko ke nan, ga abin da ya ajiye mata a tsakiyar bango, daidai tsayin ido.

"Cire shi zan yi," ya ce.

Ya laluba aljihun gaba. Reza tana nan, allura na soke a hula, zare a aljihun wando. Tela ko gidan biki ya je da kayan aikinsa yake. Ya ɗaga ƙafa zai tsallake igiya.

"Malam! Malam, ba a taɓawa."

Wata mata ce daga cikin masu shirya taron, da kati a rataye a wuya, gumi ya jiƙa mata goshi. Tun safe take yawo tsakanin rumfuna tana hana yara lakatar fenti.

"Hajiya, nawa ne fa. Ni na ɗinka."

"Na sani. Jiya da ka kawo aka tambaye ka ko akwai gyara, ka ce babu. An rataye, an buɗe wa jama'a. In na bar ka, mai zanen can ma da burushinsa a aljihu yake, tun ɗazu yake min magiya. Ku masu aikin hannu ba kwa taɓa gamawa."

Ta wuce, amma ba ta yi nisa ba. Ta tsaya a rumfar masu tukwane tana waigowa.

Maƙwabcinsa a rumfa Mai Walda ne, wanda a layi ma shagonsu na jingine da juna. Shi rago ya ƙera da tsofaffin ƙarafan babur, ya yi masa ƙaho da salansa, yana zaune a gefensa yana fifita da kwali, tumbi a gaba.

"Tela, lafiya kake zagaye kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai?"

Ya gaya masa a taƙaice. Mai Walda ya daina fifita. Ya san Aku. Takan tsaya a bakin shagonsa ta toshe kunne ta ce aikinsa hayaniya ce kawai.

"Bari mutane su ragu," ya ce. "In na tsaya a gabanka ko jirgi ne ba a hango shi."

Mutane kuwa suka ƙi raguwa. Wani ne ya fara ganewa, Mai Faci, da ya ƙura wa rufin shagonsa ido ya kwashe da ihu.

"Jama'a, wandona! Wallahi wandona ne aka yi kwano da shi! Shi ya sa ya ɗage min har ƙauri!"

Kafin ka ce me, labari ya zaga lambu cewa duk wanda Tela ya taɓa yi wa ɗinki yana cikin hoton. 'Yan layi suka yi dafifi. Wannan ta ga zaninta ya zama ƙofa, wancan ya ga rigar makarantar ɗansa ta zama sararin sama. Wata tsohuwa ta rantse labulen gidan likita ɗankwalinta ne, wata ta ce ƙarya ne nata ne, tare suka saya. Ana ta ɗaukar hoto da waya, ana jan hannun Tela ana cewa ya nuna wa kowa nasa. Ranar da ya daɗe yana mafarki ce ta zo, ga shi ko daɗinta ba ya ji. Yana yaƙe, yana amsa gaisuwa, idonsa na kan tagar. Duk wanda ya kai yatsa kusa da ita sai gabansa ya faɗi.

Da azahar ya zagaya bayan rumfa ya kira Yaya a waya.

"Yaya, zafin nan na yau ba na wasa ba ne. Ga cunkoso. Ko za ki bari sai gobe?"

"Na riga na goge kaya," ta ce.

"Ai goben ma..."

"Kai ka ce in zo. Ka turo min matarka ta raka ni, ba na son shiga mutane ni kaɗai."

Ta kashe. Ya tsaya da waya a hannu yana jin haushin kansa. Ya tura matar, ya ce ta bi da ita ta doguwar hanya, ta tsaya da ita wajen masu tukwane, wajen masu zane, ko'ina dai. Ya koma ya ɗosana, ya zabura. Ya sha ruwa bai ji ya sha ba. Ya fara tunanin ya kwance aikin dungurungum ya naɗe ya gudu da shi gida, sai ya tuna da wayar ƙarfe aka ɗaure shi a jikin katako, kuma Mai Walda ne ya ɗaure, ɗaurin da ba na kwancewa ba.

Sai da inuwa ta fara tsawo sannan Allah ya kawo makaɗa. Suka taso daga ƙarshen lambu da ganguna, wasu dogaye a kan sanduna suna tafe suna rangaji, yara suka ɗiba a guje, manya suka bi. Lasifika ta yi wata ƙara ta mutu, aka ƙwalla wa mai katin kira ta ruga. Mai Walda ya miƙe, ya tsaya a gaban igiya ya baza babbar rigarsa yana miƙa kamar wanda ya tashi daga barci.

"Yi maza. Hannuna ba zai daɗe a sama ba."

Tela ya tsallaka. Ɗinkinsa ne, ƙanana kuma a matse, irin wanda yake alfahari da shi. Yau sai da ya tsine wa ƙwarewarsa. Ya bi da bakin reza a hankali, zare na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, gumi na shiga masa ido. Ƙyallen ya fita lafiya. Ya cusa shi a aljihu, ya tsince zaren da ya rage. Inda tagar take sai shimfiɗar ƙasa ta bayyana, wani yadi toka-toka, kamar an rufe tagar da allo.

"Ba wanda zai lura," in ji Mai Walda. Ya kalli wurin, ya kawar da kai.

Tela ya zauna, karo na farko tun safe. Ya jira ya ji sauƙi, sauƙin bai zo ba.

Can ya hango su. Yaya ta rame, mayafin ya yi mata yawa, tana tafe tana riƙe da hannun matarsa kamar mai tsallaka titi. 'Yan layi da suka dawo daga kallon makaɗa suka yi ta gaishe ta, murya ƙasa-ƙasa, suna buɗa mata hanya. Ya tare ta, ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ga kujera."

"Ba zama na zo yi ba."

Ta ciro tabarau ta saka. Ta fara daga famfo. Ba ta kallon gidajen, ƙyallayen take bi ɗaya-ɗaya, ta sunkuya ta duba na ƙasa, ta ɗaga kai ta duba na sama. Mai Faci ya nuna mata wandonsa, ta ɗan murmusa. Wata ta ce, "Yaya, ga zaninki nan, shi ne bishiya," ta gyaɗa kai ba ta tsaya ba. Ta wuce tagar toka, ta kai ƙarshe. Sai ta juyo ta sake biyowa daga can, a hankali fiye da na farko. Tela yana binta a baya, hannunsa dafe da aljihu.

Da ta dawo famfo ta cire tabarau ta riƙe.

"Tun daga ƙofa ake ce min kowa yana ciki," ta ce, ba ta dube shi ba. "Har waɗanda suka tashi daga layin. Har mai gadin da ya rasu, an nuna min rigarsa."

"Haka ne, Yaya."

"Kai ka yi mata ɗinki tun tana jaririya. Ba ta taɓa sa ɗinkin wani ba."

Tela ya sunkuyar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Ni na kwashe kayanta na bayar, ko ɗankwali ban bari ba. Na ɗauka zan ji sanyi. Yanzu in na rufe ido ina neman ta da kaya a jiki, sai in rasa wace riga ce. Da na ji ana cewa kowa yana ciki, na ce to, a wurin kawunta dai ba za a rasa ba." Ta ninke tabarau. "Ba laifi. Aiki ya yi kyau. Allah ya yi albarka."

Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe shi. Ya zura hannu a aljihu ya fito da ƙyallen, ya duƙunƙune, ya jiƙe da gumi, gefensa duk burbushin zare. Ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta daɗe tana kallonsa a tafin hannunta. Ta shafa shi da babban yatsa har ya miƙe, ta bi tsuntsayen, ta tsaya a kan wanda aka raba biyu. Sannan ta ɗaga kai ta dubi tagar toka, ta dubi ƙaninta.

"Yaushe ka cire ta?"

"Ɗazu. Na ji tsoron kada ki gani."

"Sakarai," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Mayar da ita cikin mutane."

Ya tsallake igiya, ya zaro allura daga hula, ya tsinko zare ya lasa. Ya kai, ya kuskure. Ya sake kaiwa, idon ya cika da ƙwalla, kafar allurar ta ɓace masa gaba ɗaya. Yaya ta mayar da tabarau, ta ɗage mayafi ta tsallako ta tsaya kusa da shi.

"Kawo nan," ta ce. "Riƙe mata rigar."