Ƙofar Ɗakin Inna

Turken da magini ya kafa ko gama zama a ƙasa bai yi ba, Yaya Babba ya tumɓuke shi ya yi jifa da shi, sai da ya daki randar ruwa ya ɓantare mata baki. Igiyar da ke hannun Auta ta saki, ta faɗi a ƙasa.

Auta ce ƙanwarsu, mace ɗaya cikin 'ya'yan gidan. Da safe ta rufe shagon ɗinkinta ta zo, wai za ta taya riƙe igiya, don yau za a shata inda katanga za ta bi ta raba gidan gado tsakanin yayyenta biyu. Aiki ne na safiya ɗaya: a ja igiya daga bayan gida zuwa gaba, a zuba farar ƙasa, masu haƙa su zo gobe. Abu ɗaya ne ya tsaya. Ɗakin Inna, mahaifiyarsu, yana tsakiyar ginin gaba, bayansa na kallon titi, ƙofarsa na kallon tsakar gida. Dole katangar ta ratse ta dama ko ta hagu da ƙofar, kuma duk ɓangaren da ƙofar ta faɗa, can Inna ta faɗa, da ciwon ƙafarta da idonta da ya yi hazo da kai ta bayi.

Yaya Babba, makanike ne mai hannu kamar guduma, ya ce shi da matarsa sun yi nasu, shekara da shekaru su ke wanki da kwasa, yanzu kuma yana so ya fitar da wurin ajiye motocin gyara. Dogo, ƙaninsa mai shagon waya, ya ce shi aure zai yi, ba zai kawo 'yar mutane ta fara da jinya ba. Auta ta dube su, kunya ta kama ta kamar ita ta faɗa. Labulen ɗakin Inna kawai ne tsakaninsu da tsohuwar, rediyonta na ta surutu a ciki.

Dogo ya ɗauko turken ya mayar, amma a inda ƙofar za ta faɗa ɓangaren Yaya Babba, ya taka shi da dunduniya.

"Cire," in ji Yaya Babba.

"Zo ka cire ni."

Marin farko Auta ba ta ma gan shi ba, ƙararsa ta ji. Dogo ya yi taga-taga, ya dawo da kai, ya tunkuyi yayansa a baki. Suka ruƙume, suka yi cikin tarin bulo, bulo ya zube a kansu. Magini ya yar da tef ɗinsa na awo ya shiga tsakani yana ba su haƙuri, gwiwar hannu ta same shi a hanci, ya koma gefe ya tsuguna jini na bin yatsunsa. Yaya Babba ya danne Dogo ya shaƙe shi, har idanun Dogo suka firfito, ƙafafunsa na shure-shure cikin farar ƙasa. Auta ta kama rigar babban tana ja, ya hankaɗe ta da kafaɗa, ta faɗi a kan shebur, bakinsa ya tsaga mata tafin hannu.

Tana nan zaune ta ga hannun Dogo yana laluben ƙasa har ya kama turke. Guntun rodi ne, wanda magini ya yanko don ƙasar wurin tana da tauri. Dogo ya sauke shi a gefen kan yayansa, ya sake saukewa. Yaya Babba ya saki wuyan, ya kife, jini ya fara tafiya a hankali a kan layin da aka zuba.

Maƙwabta suka ɓarko ta zaure. Aka janye Dogo yana tari yana tofar da guntun haƙori, aka zaunar da Yaya Babba, wani ya danne masa raunin da riga. Da ransa, har yana ƙoƙarin tashi yana zagi. Sai a lokacin Auta ta lura rediyon ya yi shiru.

Ta naɗe hannunta da gefen mayafi ta ɗaga labule. Inna na zaune a bakin gado, ta riga ta ɗaura ɗankwali, sandarta a cinya. Ta tambaya wa ya ji ciwo, Auta ta ce duka biyun ne, amma da sauƙi. Sannan ta yi ƙaryar da ta shirya tun daga bakin ƙofa. Ta ce ai kowa so yake ɗakin ya faɗo ɓangarensa, shi ya sa rai ya ɓaci.

"Auta, ido ne ya tafi," in ji Inna. "Kunnen yana nan. Kama ni."

Ta fito da ita a hankali, mutane suka dare. Inna ba ta juya wajen 'ya'yanta ba, magini ta nema. Ya matso da tsumma a hanci, ya durƙusa. Ta fara yi masa sannu da ciwo, ta ba shi haƙuri, sannan ta tambaye shi ko bangon bayan ɗakinta zai ɗauki ƙofa. Ya ce zai ɗauka, in an sa masa lintal na kankare a saman ƙofar.

"To ka toshe wannan da bulo. Ka fasa mini ta titi, ka yanka mini ɗan bayi a kusurwa. Katangarku ta tafi sak, kada ta lanƙwasa don ni."

Auta ta ce haba Inna, ai ba zai yiwu ba, in ma haka ne ta taho gidanta. Inna ta ce ɗaki ɗaya gare ku, ke da miji da yara, a ina za ki sa ni? A ɗakin nan ta haife su duka, a nan za ta zauna, mai wucewa ya yi mata sallama.

Magini ya ɗaga kai ya dubi masu gidan, don aikin nasu ne. Auta ma ta dube su. Jira take ɗaya ya ce a'a, ko da na kunya ne, ko don idon maƙwabta. Yaya Babba ya gyara rigar da ke kansa, ya kalli ƙasa. Dogo ya taɓa wuyansa, ya ce in an yi haka ma bulo zai ragu.

Tun safe, wannan ne abu na farko da suka yarda da shi tare.

Magini ya goge turken a wandonsa, ya kafa shi daidai tsakiyar dokin ƙofar, ya miƙa wa Auta bakin igiyar. Ba ta karɓa ba. Inna ta laluba, ta kama da kanta, ta ce masa ya ja.