Dashen Lemo a Tsakanin Ƙofa Biyu

Shekara biyu Mai Lambu ya yi yana renon dashen lemon nan. Shi ya shuka, shi ya yi musu aure, wato haɗin reshe, da wuƙarsa ɗaya bayan ɗaya, har guda dubu da ɗari biyu, kowanne a tsaye cikin baƙar ledarsa. Wani mai gona daga ƙasar da ke maƙwabtaka da su ya zo ya gani, ya ce yana son su duka kafin ruwa ya sauka.

Mai Lambu bai taɓa fitar da kaya waje ba, sai ya damƙa takardu a hannun ƙanin matarsa, wanda aikinsa ke nan a bakin iyaka. Hatimi ake ce masa, don yana cika baki cewa babu teburin da bai san mai shi ba. Ya bugi ƙirji ya ce Yaya ya kwantar da hankalinsa, an gama komai.

A ƙofar ƙasarsu ba a ɓata musu lokaci ba. Aka buga musu shaidar fita, babbar motar ta gangara wani fili da ke tsakanin ƙofofin biyu, inda babu ko bishiya ɗaya. A ɗaya ƙofar wata jami'ar kwastan mai tabarau ta hau bayan motar, ta ɗaga leda ɗaya, ta murtsuke ƙasar da yatsunta, ta ce kayan ba za su shiga ba.

Ta kai Mai Lambu ofis. Dogon ɗaki ne mai tebur uku, da fankar da ba ta juyawa, da tulin fayil har bakin taga. Ta nuna masa takardar da aka manna a bango: tun sati uku da suka wuce an hana shigo da tsiro da ƙasarsa a jiki, saboda wata tsutsa da ke cinye saiwa. Direba, da ke bayansa, ya ce ashe yanzu ƙasa ma sai da biza take shiga ƙasa. Ba wanda ya yi dariya.

Mai Lambu ya fara da roƙo, ya ƙare da faɗa. Ya ce lambunsa bai san tsutsa ba, kuma wace irin doka ce ake haifarta bayan mutum ya ɗora kaya? Ta bar shi ya gama.

"Baba, mai yi maka takardu ya sani," in ji ta. "Da hannunsa ya karɓi kwafin dokar a nan teburin."

Ya juya ya dubi Hatimi. Hatimi ya shiga sosa ƙeya yana kame-kame. Da ƙyar ya faɗi gaskiya: wai abokinsa ne ke zama a teburin nan, ya ɗauka zai kau da kai, ashe an yi masa canjin wurin aiki.

"Ka sani ka bar ni na kwashe lambuna na ɗora a mota?"

"Yaya, wallahi taimako na yi niyya."

"Da ba don yayarka ba, da yau sai an raba mu."

Ya ce wa direba ya juya, gara ya koma gida da abinsa. Amma a ƙofar ƙasarsu aka tare su. Jami'in can ya ce kayan da aka buga wa shaidar fita sun fita ke nan. In za su dawo, sai dai a matsayin kayan waje: a biya harajin shigowa, a kuma kawo takardar lafiyar tsiro daga ƙasar da suka fito. Mai Lambu ya ce daga lambunsa suka fito, ga jar ƙasar garinsu a cikin leda, ya shinshina in bai yarda ba. Jami'in ya ce shi takarda yake karantawa. A ɗaya ƙofar kuma ba za su ba da takardar kayan da ba su taɓa shiga ƙasarsu ba.

Mai Lambu ya tsaya a tsakiyar filin. Rana ta take, ganyayen sama sun fara lanƙwashewa.

Mai tabarau ce ta fito ta same shi. Ta ce hanya ɗaya ta rage: ya wanke saiwoyin tas, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, mai duba tsiro ya duba. Mai Lambu ya fi kowa sanin abin da hakan ke yi wa ɗan lemo a irin wannan zafi, amma ba shi da zaɓi.

Yini biyu suka yi suna yi, da ruwan jarka da suke saya wurin masu kura. Yana yanka leda, yana girgiza dashen a hankali cikin baho, ƙasar da ya tankaɗe ya haɗa da taki tana zama caɓi a ƙarƙashin ƙafarsa. Hatimi ya tsuguna zai taimaka, ya fizgi ɗaya da gaggawa, saiwar ta tsinke.

"Cire hannunka," in ji Mai Lambu. "Tashi ka ba ni wuri."

Aka duba, ba a sami tsutsa ko ɗaya ba, aka buɗe musu ƙofa.

Bayan wata guda mai gonar ya bugo waya. Ya ce abin da ya kama bai kai rabi ba, saura sun bushe a tsaye, kuma baɗi zai nemi dashe a wani wuri. Mai Lambu bai musa ba, ya ce shi ma da shi ne, haka zai yi.

Matarsa ta yi ta lallashinsa, tana cewa yaron nan ya rame don nadama, kuma jininta ne, ba ta da inda za ta kai shi. Ya ce bai hana shi gidan ba, ya zo ya ci abinci ya gaida 'ya'yan yayarsa. Amma ranar da Hatimi ya biyo shi lambu don ba da haƙuri, a bakin shinge ya tsayar da shi. Ya saurare shi har ya gama, ya ce ya ji, sannan ya ja ƙyauren ya ɗaure da waya, ya koma bakin rijiya.