Wasiƙar da Ba Ta Je Legas Ba

Ranar wata Talata a watan Fabrairun 2006, ranar da layin gonakinmu ke samun ruwa, maƙwabcina Tambaya ya faɗi a bakin kanal da bututun ban ruwa a hannunsa. Aka kai shi asibiti a Kura. Bayan kwana huɗu aka dawo da shi da ledar magani, likita ya ce zuciya ce, a bar shi ya huta. Kowa ya san irin wannan hutun.

Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a 'yar unguwar Kiristoci da ke gefen Bunkure, gonakinmu ma suna manne da juna. Ni dai na daina zuwa coci tun ranar da muka binne matata Mairama, shekara biyar kafin wannan. Na yi shekara talatin ina koyarwa, na fi faston karatu. Ya zo mini sau biyu, na yi masa tambaya uku, bai sake dawowa ba.

Tambaya kuwa ko sunansa bai iya rubutawa ba. Amma shi Mairama ta bar wa sallahu. Ina tsakar gida na ji ta, kwana biyu kafin ta cika: "Ka yi wa Malam maganar ceto. Ni in na fara, gardama yake ja." Ya ce mata ya ɗauka.

Tun daga nan, kowace Lahadi in an taso daga sujada sai ya leƙo zaurena. "Malam, akwai wata 'yar magana."

"In ta tumatir ce, zauna. In ta sama ce, ka fara tambayo mini dalilin da aka ɗauke mai addu'a aka bar mai gardama."

Sai ya sosa ƙeya, ya zauna, mu yi ta tumatir. Ranar Talata kuma ya jera mini bututai a gonata kafin tasa, saboda gwiwoyina. Shekara biyar muna haka. Yanzu ga shi kwance, alkawarin matacciya na wuyansa, ni ne kuma na hana shi saukewa.

Ranar Juma'a da hantsi matarsa Indo ta yi sallama. "Malam, maigida na kira. Ya ce ka taho da biro da takarda."

Na same shi a jingine da bango, ƙafafu sun kumbura, numfashi da ƙyar.

"Wasiƙa za ka rubuta mini zuwa Legas, wurin ɗana Bilya."

"Bilyan da ke da wayar hannu?"

"Waya ba ta ajiye magana. Rubuta abin da na faɗa kawai, ban da gyaran malamai."

Na ɗora takardar a kan gwiwa. Ya yi gaisuwa, ya ce alkama ta yi kyau bana. Sai ya rufe ido.

"Bayan haka, ni ba mai ilimi ba ne. Abin da na sani, ruwan nan da muke noma da shi ba mu muka tara shi a madatsar Tiga ba, ba mu muka haƙa kanal ba. Zuwa yake har bakin gonarka. Haka ceto yake. Yesu Almasihu ya gama aikin tun ba a haife mu ba. In ka cika bututu da ruwa ka toshe bakinsa da tafin hannu, ai ba kanal ce ta hana ka ba. Ɗage hannun kawai za ka yi."

A matsayina na malami na ga inda misalin ya yi rauni har wuri biyu. Na buɗe baki, ya ɗaga yatsa ba tare da ya buɗe ido ba. Na rufe.

"Na san an yi maka ciwo. Ban san dalilin da aka ɗauke ta ba, na tambaya ni ma ba a gaya mini ba. Amma ba ta tafi da tsoro ba, ina wurin. Tsoronta ɗaya, kada ka ƙi zuwa inda take."

Biron ya tsaya. Bilya ko aure bai yi ba.

"Tambaya, wannan wasiƙar..."

"Malam, ana biyan ka ne ka yi tambaya? Rubuta. Ka ce ni ma na kusa, in na je za ta tambaye ni, ina so in ce mata na faɗa. Shi ke nan. Sa sunana."

Na sa. Ya dangwala babban yatsansa a bakin biron, ya manna a ƙasa. Na ninke takardar na miƙa masa, ya ture hannuna.

"Riƙe a wurinka. Motar Legas ba ta da tabbas." Ya dube ni ta gefen ido. "Ka rubuta daidai?"

"Hausarka duk a karkace take," na ce. "Sai da na yi ta gyara."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Indo ta shigo da ruwa tana cewa, "Ku dai ba ku girma." Na sa takardar a aljihu na fita. Ranar Lahadi, ana cikin sujada, ya cika.

Na shiga cocin ranar jana'izarsa, na zauna a bencin baya. Faston ya gan ni, ya yi hankali ya ci gaba da hidimarsa. Lahadin da ta biyo ma na koma. Ba wai tambayoyina uku sun sami amsa ba. Suna nan, tare muke zuwa.

Talatar da ta zagayo aka saki ruwa. Na ɗauki bututan Tambaya na tafi gonarsa, don alkamar Indo ba ta san an yi mutuwa ba. Na durƙusa a bakin kanal, gwiwoyina suna zagina, na nutsa bututu ya cika, na toshe bakinsa, na tsallakar da shi cikin gona. Na daɗe a haka, sanyin ruwan na tura tafin hannuna. Wasiƙar na cikin aljihun rigata.

Ƙarya na yi maka, Tambaya. Ko kalma ɗaya ban gyara ba.

Na ɗage hannun, ruwan ya bi tsakanin alkamar a hankali.