Agogon Layi na Huɗu

Wata uku cif Auta ta yi tana shiga ɗakin sanyi da rakiya. Ɗakin sanyi kuwa shi ne inda na'urorin kamfanin suke jere cikin dogayen akwatunan ƙarfe, fankoki na huci, ƙananan fitilu kore na ta ƙyaftawa. Ɗan gwaji ba ya shiga shi kaɗai, sai wani ya buɗe masa ƙofa ya tsaya a kansa. Yau gwajinta zai ƙare, ko a ɗauke ta aiki, ko a ce mata an gode.

Aikin da Oga ya ɗora mata ba babba ba ne a ido. Suwic ɗin layi na huɗu, wato na'urar da duk kebul ɗin layin suke haɗuwa a jikinta tana raba musu hanya, ita za a sauya wa saiti don sababbin kwastomomi. Amma fa suwic ba ta da mutunci ko kaɗan. Ka kuskure harafi ɗaya, sai ta datse kowa, har kai da kake ba ta umarni.

Shi ya sa masu wannan aiki suke da wata dabara. Kafin ka taɓa komai, sai ka sa mata agogo: nan da minti goma ta kashe kanta, ta tashi da tsohon saiti. In ka yi ɓarna, agogo ya cece ka. In aiki ya yi kyau, ka soke agogon, ka adana sabon saitin. Dogo, wanda ya shekara tara a wurin kuma shi ke raka ta, ba ya yin haka.

"Wannan ai na matsorata ne, ƙanwata," in ji shi, yana hura hannuwansa saboda sanyi.

Auta ta yi murmushi, ta sa agogonta. Ta zauna a kujerar roba, kwamfuta a cinya, ta shiga bugawa tana karanta kowane layi sau biyu. Cikin minti shida ta gama. Ta gwada, hanya ta buɗe tas.

Dogo ya leƙo ta kafaɗarta. "Kai! Ashe kin iya allonki."

Wallahi daɗi ya rufe ta. Ana haka sai wayarta ta fara rawa a aljihu. Umma ce. Ƙugin fankoki ba ya barin a ji magana, don haka ta fita baranda.

"Auta, sun ɗauke ki?"

"Haba Umma, ai ba a tashi ba tukuna."

"To ni tun safe ko ruwa ya ƙi wuce mini. Yayanki ma sau biyu yana kira. Kin dai sa rigar sanyin ko?"

Tana cikin dariya ta waiga ta gilashin ƙofa, sai ta ga fitilun layi na huɗu sun mutu ɗif. Innalillahi! Agogo! Ba ta soke ba, ba ta adana ba. Ta yi ta dukan gilashi har Dogo ya jiyo ya buɗe mata.

Minti uku suwic ta ɗauka kafin ta farfaɗo, da tsohon saitinta, aikin Auta duk ya bi ruwa. Daga can ofis wayoyi suka fara kuka.

Dogo ya rage murya. "Ki ce wuta ce ta yi wasa. Ni zan tsaya miki."

Ta so ta ce haka ɗin, ta so ƙwarai, don tsoro ya gama kama ta. Amma ta rufe kwamfutar ta nufi ofishin Oga.

Oga dattijo ne mai furfura, magana ba ta dame shi ba. Ta same shi da waya a kunne yana ba wani kwastoma haƙuri. Sai da ya ajiye ya ɗago.

"Ni ce, Oga," ta ce. "Na sa agogo, aikin ya yi, sai na fita amsa waya na manta ban soke ba."

"Minti nawa?"

"Uku."

Ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga. "A shekarata ta biyu na datse kaina daga wata suwic da ke wani gari. Ban sa agogo ba, wai ni gwani. Awa biyar na yi a mota kafin na isa, babu kalar zagin da ban sha ba a hanya." Ya nuna teburinsa. "Ajiye wayar nan. Je ki sake."

Ta koma ta sake daga farko. Ta sa agogo, ta buga, ta gwada, ta soke, ta adana, ta kuma duba ko ya adanu har sau uku, sai da Dogo ya ce ta tausaya wa na'urar haka nan.

Da ta dawo ta faɗa wa Oga, ko ɗagowa bai yi ba, yana ta rubutu a jadawalin mako mai zuwa.

"Layi na bakwai naki ne ranar Litinin," ya ce. "Ke kaɗai. Dogo yana da nasa aikin."

Ta ce to, ta fita. Sai da ta kai baranda maganar ta shige ta sosai. Ta jingina da bango ta yi kukanta na farin ciki mai isarta, ta share fuska, ta laluba aljihu don ta kira Umma, sannan ta juya ta koma ɗauko wayar da ta bari a teburin Oga.