Baƙin Gali daga Challawa

Gali ya daɗe yana aikin akawu a wani kamfanin sabulu a Bompai kafin ya samu shiga kwalejin jami'a da aka buɗe a Kano. Karatun share fage ta gidan waya ya yi shi, bayan an busa jiniyar tashi, har ya ci jarrabawar da ake nema. Da kakar 1964 ya ajiye aiki. Bai koma ɗakin kwanan ɗalibai ba saboda yana da iyali. Ya ci gaba da zama da matarsa Hansatu a gidan hayarsu na Gwagwarwa, yana zuwa makaranta a keke.

Tun satin farko ya gane wannan karatu ba irin wanda ya sani ba ne. Malami zai shigo ya yi ta zuba, ba rubutu a allo, ba tambayar ko an gane, in ya gama ya ambaci littattafai ya ce a karanto kafin Litinin. Malamin tarihi, wani Bature mai saurin baki, duk mako sai an rubuta masa maƙala. Na Larabci shi ma da nasa, kai ka ce shi kaɗai ne malami a makarantar. Gali, wanda tun elementare bai san wani matsayi ba sai na ɗaya, maƙalarsa ta farko ta dawo jajir da gyara.

Duk wannan da sauƙi, da a ce lokacinsa nasa ne. Amma mutanen garinsu, Challawa, sun ji ya bar aiki, kuma a wurinsu wanda ya bar aiki ya huta ke nan. Yau wannan ya zo a raka shi asibiti saboda likita ba ya jin Hausa, gobe wancan yana so a kai shi ofishin En'e, wato hukumar gargajiya. Mafi yawa kuwa masu neman aiki ne a Bompai, don an san Gali ya san mutane a can. Sai ya ɗaure littattafai a bayan keke zai fita, ya ji sallama a zaure.

"Malam, ka riƙa cewa kana da makaranta mana," in ji Hansatu.

"Mutum ya taso tun daga Challawa, in ce masa me?"

Ya rame, ya koma karatu tsaye don kada ya yi gyangyaɗi.

Ranar wata Talata, da malamin tarihi ya sa gwaji ƙarfe goma, mahaifinsa Malam Ɗahiru ya iso da hantsi tare da maƙwabcinsa Mamman, wanda kogi ya cinye wa gona a daminar nan. Bayan gaisuwa tsohon ya ce, "Gali, ga Mamman. Ka kai shi wurin mutanenka su ba shi ko da dako ne. Yana da baki da yawa a gida."

Gali ya dubi agogo, ya ce a ransa Bompai ba nisa, zai dawo kan lokaci. Sai dai shugaban leburorin tsohon kamfaninsa yana can cikin sito ana sauke man gyaɗa, suka zauna a inuwar katanga suna jira. Da ya fito ya ɗauki Mamman ba wata gardama. Amma lokacin da Gali ya isa makaranta, sharkaf da gumi, ɗalibai suna fitowa.

Baturen bai yi faɗa ba. Ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce gwajin ya wuce, kuma idan aka ci gaba a haka ba ya jin Gali zai haye zuwa shekara ta biyu. Ya faɗe shi ne kamar mai faɗin ƙarfe nawa.

Ran Lahadi Gali ya hau keke sai Challawa. Ya iske mahaifinsa a gindin tsamiya yana gyaran igiyar guga. Ya durƙusa, ya daɗe yana kewaye-kewaye, don bai taɓa kawo wa tsohon ƙorafi ba. Daga baya dai ya fito da maganar.

"Baba, ranar da kuka zo da Mamman na rasa jarrabawa. In na sake rasa wata, korata za a yi."

Malam Ɗahiru ya ajiye igiyar. "Me ya hana ka faɗa?"

"Na ji nauyinku."

"Ni na zaci makarantar irin ta yara ce, a tashi da azahar kowa ya kama gabansa. To da kake fita da safe, yaushe kake gamawa?"

"Ba a gamawa, Baba. In an fito daga aji sannan ake fara karatun."

Tsohon shi ma a samartakarsa ya yi zaman ɗaukar karatu a birni, ya san abin da ake nufi da littafi ya sha kan mutum. Ya ce, "Tashi ka ci abinci."

Da aka idar da la'asar, Malam Ɗahiru ya tsayar da mutane a ƙofar masallaci. Ya ce daga yau duk mai buƙata wurin Gali ya fara biyowa ta wurinsa, kuma ba a zuwa Gwagwarwa sai ran Juma'a bayan an sauko. Wani ya ce to in ciwo ne fa? Ya ce akwai malamin asibiti a Panshekara, shi ma yana jin Turanci.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifinsa, ta zo wata Laraba, Hansatu ta ba ta fura ta ce Malam yana makaranta sai yamma. Ta koma tana cewa boko ya fara shiga kan yaron, ba ta ƙara amsa gaisuwarsa da kyau ba sai da babbar salla.

Karatun bai ragu ba, amma ya samu inda zai sa shi. Yana wuni a laburare tare da wani ɗan ajinsu, Isyaku, tsohon malamin firamare, suna raba littattafai, kowa ya karanta nasa ya bayyana wa ɗan'uwansa. Sannu a hankali jan tawadar gyara a maƙalarsa ya ragu.

Da sakamakon ƙarshen shekara ya fito, Gali ya ci Larabci da Turanci, tarihi kuwa sai ya sake rubuta jarrabawar kafin a koma. Bai zo na ɗaya ba, bai ma kusa ba. Hutun nan bai je noma ba. Ya aika wa mahaifinsa cewa yana bita, sai bayan jarrabawa. Ya rubuta ta a watan Satumba, ya haye da ƙyar, aka rubuta sunansa cikin 'yan shekara ta biyu.