Ranar da Aminatu Ta Kira Sunan Mijinta

Tun ranar da bom ya tashi kusa da shi a kasuwa, Babaji bai sake amsa wa matarsa magana ba. Ko ƙwarzane bai samu a jiki ba. Yana sallah, yana cin abin da aka ajiye masa, sauran yinin kuwa yana kan tabarma, fuskarsa na kallon bango. Aminatu takan ce, "Baban Rahama, ga ruwa," ta ɗan tsaya, sannan ta wuce. Yayyenta na Fika sun gaji, sun ce bayan babbar sallah za su zo su tafi da ita, tunda zaman ya koma jinya.

Ana cikin haka sai Muhsina, 'yar ƙanin Babaji, ta dawo unguwarsu, Dogo Nini, daga makaranta da kyamara. Fim take haɗawa a kan miji da mata, irin wanda ba waƙa ba rawa, a bar mutum zaune kana kallonsa har ka fara jin numfashinsa.

"Wannan kuma wa zai kalla?" in ji Aminatu.

"Masu haƙuri, Inna. Irinki."

Da hantsi Muhsina ta kafa kyamara a tsakar gida, ta gaida Baffanta, ta gaya masa abin da za ta yi. Bai hana ba.

"Inna, ki kai masa fura, ki ajiye, ki kira sunansa."

"In ce Baban Rahama?"

"A'a, sunansa na yanka."

Aminatu ta riƙe haɓa. "Rashin kunya aka koya miki a makarantar? Tun da aka kawo ni gidan nan, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba."

"Ai ba ke za ki faɗa ba. Matar cikin fim ce."

Aminatu ta jima tana juya maganar, sannan ta ɗauki ƙwaryar. Ta durƙusa a bayansa. Sannan ta kira shi.

"Babaji."

Kafaɗarsa ce ta fara motsawa. Ya juyo a hankali, ya sauke idanunsa a kan fuskarta, ba a gefenta ba yadda ya saba.

"Wa ya rasu?" Muryarsa a shaƙe.

"Ba kowa."

"To me ya sa kika kira ni haka?"

"Fura na kawo maka."

Ya daɗe yana kallonta. A bayan kyamara Muhsina ta toshe bakinta da gyale, ta ma manta da cewa a tsaya.

"Kin rame, Aminatu," ya ce.

Ya gusa gefe, ya share mata wuri da tafin hannu. Ta zauna. Ya ɗebo furar, ya miƙa mata ludayin ta fara sha.