Ranar Da Uwa Ta Maƙale A Ƙofa

Tun kafin in hura wuta Jharna Pal ta kawo akwatinta na ƙarfe ta tura shi ƙarƙashin bencin shagon shayina, ta ce in sa masa ido, jirgin ƙasa na tsakar rana za ta bi. Ba yau akwatin nan ya fara shiga ƙarƙashin bencina ba. Kowane karo sai wani abu ya taso, ko zazzaɓin ƙaninta ko sabon aiki, da yamma ta zo ta janye shi. Amma wannan karon likitan ido na Kolkata ya sa zai yi mata aiki gobe da safe, ya kuma gaya mata in ta sake ɗagawa kada ta wahalar da kanta ta zo, domin yanar ido ta gama rufe na dama, na hagu kuma yana bin sawunsa. Bayan wannan makon aikin gumakan bikin Durga zai rufe layinmu, ba mai motsawa sai sanyi ya shigo.

Allon da ke saman ƙofar ɗakin aikin su Jharna sunan Haripada Pal da ƙaninsa Khitish ne a jiki. Duk layin masu ginin gumaka kuwa an san hannun da ke fitar da fuska, an san wanda ke zana ido. Tun da mahaifinsu ya rasu Jharna, wadda suke kira Didi don ita ce babba, take riƙe da su. Haripada yana da bakin magana da masu saye. Khitish yana kwaɓa yumɓu ranar da bayansa bai yi ciwo ba.

Aiki ɗaya ya rage mata, shi ne ta ga fitar gunkin Chhinnamasta, ɗaya daga cikin allolin da ake kira Uwa. Thakur Nilmoni, mai kula da ɗakin bautar da ke bakin kogi kusa da wurin ƙona gawa, shi ya ba da aikin, bayan gidaje da dama sun ƙi karɓa. Ba kowa ke son kwana da wannan Uwar a ɗakinsa ba. Ja ce kamar furen zoɓo, tana tsaye a kan mace da namiji da ke kwance bisa bado, da sarƙar ƙoƙunan kai a wuya, da maciji a rataye a kafaɗa. Adda na hannun dama. A hannun hagu kuwa kanta ne, wanda ita ta sare da kanta. Daga wuyan jini na tsartuwa gida uku: ɗaya ya faɗa bakin baiwarta ta dama, ɗaya bakin ta hagu, na tsakiya ya tashi sama ya lanƙwaso ya shiga bakin kan da ke hannunta. Da waya ake yin jinin, a naɗe ta da ƙyalle, a shafa jan fenti, kuma shi ne abu na ƙarshe da ake sakawa.

'Yan dako suka iso da hantsi da amalankensu da gorarsu da igiya, Mongal babbansu yana gaba. Suka ɗaga ta, suka karkata ta kaɗan, Jharna tana daga ciki a bayanta tana gaya musu su yi dama ko su yi hagu. Hannun adda ya fita. Kafaɗa ta fita. Sai muka ji wani ɗan ƙara daga sama, kowa ya tsaya cak.

Wayar tsakiya ce ta tokari katakon saman ƙofa. Mongal ya ce a koma baya, amma addar ta riga ta sarƙafe jikin dogarin ƙofar daga waje, in aka ja sai gwiwar hannun ta karye. Suka gwada karkatawa ta nan, suka gwada ta can, har gumi ya jiƙe musu riguna, daga bisani suka sauke ta a kan dokin ƙofa suka tsaya suna haki. Gindin gunkin da bayin nan biyu sun cike ƙofar, ko kyanwa ba za ta wuce ba. Ɗakin aikin ba shi da wata ƙofa, sai wata 'yar taga mai sandunan ƙarfe da ke kallon shagona.

A gidan Pal akwai gora da mahaifinsu ya yanka daidai tsawon ƙofar, kowane gunki da ita ake auna shi tun yana bambaro. An auna wannan ma. Amma gora ba ta auna jini, da ido ake lanƙwasa shi, kuma mai ido ɗaya ba ta gane nisa.

"Uwa ba ta son barin gida," in ji Mongal yana goge wuya. "Halin Didi ta ɗauko."

Yaransa suka yi dariya. Haripada bai yi ba. Ya leƙa ta ƙarƙashin hannun gunkin ya shiga faɗa, wai tun jiya ya ce a bari shi ya saka wayar, wai mutum in ba ya gani sai ya yarda ba ya gani. Kowa a wurin ya san bai faɗi haka jiya ba, ya kuma san bai taɓa saka wayar jini ba a rayuwarsa. Khitish ya zauna a bencina ya tambaye ni ko na san Didi ta sauke shinkafa kafin ta shiga.

Na zuba shayi a ɗan kofin yumɓu na miƙa mata ta tsakanin sandunan taga. Ɗakin ya yi duhu tun da Uwar ta toshe hasken ƙofa. Kawunan da ba a yi wa fenti ba suna jere a kan katako, hannuwa a rataye a igiya, ita kuma tana tsaye a tsakiyarsu da sabon sarinta, dogon zanen da ta ɗaura don tafiya. Ta karɓi shayin ta tambaye ni ko jirgin yana makara kwanakin nan. Na ce wani lokaci. Ba gaskiya ba ne, kuma ta sani.

Haripada ne ya kawo shawara. Ya ce abin ai bai kai a tara jama'a ba, a datse wayar tsakiya kawai. In aka datse ta gunkin zai wuce, bayin nan biyu suna shan nasu, shi ne abin da mutane ke kallo, wa zai ɗaga kai ya ƙirga? Tushen wayar yana ta ciki, hannunsa ba zai kai ba, amma filaya na nan a kan teburin Didi.

Muna cikin haka Thakur Nilmoni ya iso da lemarsa, don ya gaji da jira. Na ɗauka zai hana. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce shi bai ga laifi ba. Rai bai shiga jikinta ba tukuna, sai ya yi karatu a kanta a bakin kogi, kafin nan yumɓu ce da bambaro. A yanke, in an isa can a ɗaura jan zare a wurin, ba mai lura.

"Kin ji, Didi," in ji Haripada. "Thakur da kansa. Datse ki fito, jirginki na jiranki."

Ta taga na ga ta ɗauki filayar, ta jawo kujera ta hau. Fuskarta ta zo daidai da fuskar kan da ke hannun Uwa, wanda ta zana wa ido jiya. Bakin a buɗe yake, harshe a waje, ƙarshen wayar yana bisa harshen. Ta sa bakin filayar a jikin wayar. Ta daɗe a haka. Sai ta sauko ta ajiye filayar.

"Ba zan yanke wannan ba."

Haripada ya tambaye ta ko ta haukace. Thakur ya sake bayani, a hankali, kamar mai magana da kurma. Ta bari ya gama.

"Thakur, ka fi ni sani," ta ce. "Amma in na cire wannan, abin da za ku ɗauka ku kai bakin kogi mace ce da aka yanka ana shan jininta. Ni ba ita na gina ba."

Thakur ya rufe lemarsa. Haripada kuwa ya juyo wajenmu yana murmushi, ya ce kun gani ko, ba ta son tafiyar ne. Kullum haka take, sai ta ɗaure akwati ta tayar wa mutane hankali, sannan ta samo dalili. A bar ta, in yunwa ta kama ta za ta yanke. Khitish ya ce shi dai dama bai ga amfanin a taɓa idon mutum da wuƙa ba.

Na koma bakin wutata, maganar Haripada tana cina. Mutumin banza ma yakan faɗi gaskiya. Ga ƙofa an buɗe mata, mai ɗakin bauta ya yafe, waya ce da ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba, ta ƙi. Wanda ya daɗe a ɗaure yakan so igiyarsa, in an zo kwancewa ya ce ba haka ake kwance ta ba. Ko kuwa dai akwai fitar da in mutum ya yi ta, ba shi ne ya fita ba? Na juya abin, na sake juyawa, madarata ta tafasa ta zube ban kai ƙarshensa ba.

Rana ta hau. Ɗakin kwano ne a sama, zafi ya fara dafa shi. Ina ganinta tana zagaye a ciki, daga taga zuwa bayan Uwa, daga bayan Uwa zuwa taga. Sau ɗaya ta kama sandunan ta jijjiga su, ba su motsa ba. 'Yan dako suka fara ƙorafi suna da wani kaya a wata unguwa.

Sai muka ji bugu.

Ta hau kujerar da guduma da dogon ƙarfe, tana fasa bulon da ke riƙe da katakon saman ƙofa. Haripada ya zabura. Katakon nan mahaifinsu ne ya sa shi da hannunsa, a kansa allon sunansu yake, a kansa gaban rufin ya dogara. Ya roƙe ta, ya zage ta, ya ce damina ba ta gama ba, ina za su ajiye aikin Durga in rufi ya sauko? Ya ce ta ji tsoron ran Baba.

"Mongal," ta ce daga ciki, "ku tokare rufin da gorarku. Ku lulluɓe mata kai, kada ƙura ta shiga idonta."

Mongal ya dubi Haripada, ya dubi Thakur, sannan ya tofar da ganyen da yake taunawa ya ce wa yaransa su kawo gora.

Bulon tsoho ne amma ya yi taurin kai, ita kuma tana kuskuren bugu saboda idon. Sau da yawa gudumar ta sauka a yatsanta, muna jin ta tsaya, sannan ta ci gaba. Tana cikin bugun jirgin tsakar rana ya yi kuka a tasha. Duk layin ya ji shi. Ya tsaya ɗan tsayawarsa, ya sake kuka, ƙararsa ta yi nisa. Bugun ya ɗauke. Na ga Haripada ya saki kafaɗunsa, Khitish ya gyara zama.

Sai bugun ya dawo.

Da katakon ya saki, allon sunan ne ya fara faɗowa ya tsage biyu. Rufin ya yi ƙara ya zauna a kan gorar. 'Yan dako suka ɗaga, Uwar ta fito rana da jininta uku cif, ba abin da ya ɓantare, matan layin suka yi guɗa. Jharna ta biyo bayanta, ta yi fari fat da ƙura, yatsanta na zubar da jini a kan sabon sarin.

Haripada ya ce to, ta ji daɗi, ga ɗaki ba ƙofa, ga jirgi ya tafi. Khitish ya ce tunda abin ya zama haka, a zuba abinci.

Ta shiga gida ta fito da tukunyar shinkafa da ta miyar kifi da ta dafa musu tun asuba, ta ajiye a bencina. Ta wanke hannu. Ta zuba wa Khitish, ta zuba wa Haripada. Sannan ta sa ludayi ta ɗebo kan kifin, wanda tun rasuwar mahaifinsu ba ya sauka a farantin kowa sai na Haripada, ta sa a nata. Ta zauna a gabanmu ta cinye shi a tsanake, ta tsotse ƙasusuwan ta jera su a gefen faranti.

Da ta gama ta tambayi Mongal ko amalankensu zai bi ta mashigar jirgin fito. Ya ce hanyarsu ce. Akwai jirgin ƙasa na yamma a tashar ƙetaren kogi, kowa ya sani, amma Jharna ba ta taɓa haye kogin nan ita kaɗai ba.

Ta jawo akwatin daga ƙarƙashin bencina.

"Didi, wa zai gyara ƙofar?" in ji Khitish.

"Akwai bulo a bayan gida," ta ce.

Ta hau bayan amalanken ta zauna a gindin Uwa, akwatin a cinyarta, hannu ɗaya yana tallafe da wayar tsakiya kada ta girgiza a kan ramukan layinmu. Haripada ya tsaya a cikin ramin da ƙofa take a da, yana riƙe da rabin allon, yana kallon gorar da ke ɗauke da rufinsa.